Wa Ke Da Ikon Raɗa Wa Tsiro Suna?

Kowane tsiro da masana suka sani yana da suna guda na Latin, mai kalma biyu, wanda a ke kiransa da shi ko'ina a duniya. Dawa ita ce Sorghum bicolor, kuka kuwa Adansonia digitata. Wani masani mutumin Suwidin, Linnaeus, shi ya kafa wannan tsari cikin littafinsa na 1753. Ƙa'idar kuwa ita ce, in tsiro ɗaya ya sami suna biyu, wanda aka riga bugawa shi ke da gaba.

To, nan rigima ta taso. A Turai zamanin da, manyan masu lambunan sayad da dashe su kan aiki mutanensu ƙasashe masu nisa su nemo musu baƙin tsirrai. Kaya na isowa, ɗan kasuwa ba ya jiran masani. Sai ya laƙaba suna, ya buga cikin littafin tallansa, ga kuɗin kowace tukunya a gefe. Shin wannan suna ya zauna, ko kuwa?

Masana sun raba gardamar da ranar wata. Sunan da ya fito cikin littafin talla kafin ran 1 ga Janairu 1953 ana karɓarsa, muddin an haɗa shi da bayanin kamannun tsiron. Daga wannan rana kuwa an rufe ƙofa, talla da jaridar da ba ta ilmi ba duk ba su isa ba. A 1973 aka ƙara da takardun musayar iri.

Barin tsofaffin sunayen adalci ne, don waɗansu 'yan kasuwan nan sun san aikinsu ƙwarai. Ga gidan Loddiges na Hackney, a birnin Landan, waɗanda su ke buga littafin hotunan tsirran lambunsu. A 1829 suka nuna wani tsiro na gabashin Afirka, suka kira shi Caladium zamiifolium. Daga baya aka gane ba dangin Caladium ba ne, aka ba shi wani suna dabam. Amma a 1905 Engler na Jamus ya komo da rabin sunan farko, ya zama Zamioculcas zamiifolia, shi ne mai ganye sheƙi-sheƙi da a ke ajiyewa cikin ofisoshi yau. Da za a share irin waɗannan, sai a sake wa tsirrai masu ɗimbin yawa suna, ruɗani ya ƙaru.

Rufe ƙofar ma daidai ne. Takardar talla abin yarwa ce, shekara na juyawa an ƙunshe kaya da ita, sau da yawa ma ba ranar bugu a jikinta. Ina za a san wanda ya riga wani? Ga shi kuma mai talla ciniki ya ke nema, ya kuwa sani sabon suna ya kan sayad da tsohuwar haja. Wani sai ya rubuta suna kurum, ba bayani ko layi ɗaya. Tun 1958 ma sai an nuna samfurin da sunan ya rataya a kansa, don mai shakka ya je ya duba.

Akwai masu cewa wannan raini ne ga 'yan kasuwa. Ba haka ba ne. Irin da mutum ya zaɓa ya kyautata a gona yana da tasa doka dabam, wadda ta fara fitowa a 1953, ita kuwa ta yarda da littafin talla. Sharaɗinta tun 1959 shi ne a sa shekarar bugu, a faɗi kamannu, kada kuma sabon sunan ya zama na Latin.

Wannan shi ya fi shafar manomi. Wanda ya sayi dashen mangwaro don sunan da aka faɗa masa, sai ya yi ta ban ruwa shekara uku ko huɗu kafin ya ga 'ya'ya, sa'an nan ya san ko abin da ya biya shi aka ba shi. Irin gyaɗa da dawa na Samaru, watau SAMNUT da SAMSORG, kowanne da lambarsa da kamannunsa a rubuce. Mai sayad da dashe a bakin hanya ma ya kamata a tambaye shi inda sunan nasa ya ke a rubuce, kafin a miƙa kuɗi.