Yaran Motocin Kara Sun Iya Tuƙi, Amma Ina Lasisinsu?



Duk wanda ya san Kasuwar Shanu ta Potiskum ranar Laraba ya san ba dabbobi kaɗai ke fitowa daga cikinta ba, har da direbobi. Yaro yakan fara da wanke gilashi da ɗaure igiya da duba iskar taya. Bayan 'yan shekaru sai ka ga maigidansa ya miƙe ƙafa a bayan kujera, yaron ne riƙe da sitiyari har Bauci. Haka yawancin manyan direbobinmu suka koya, kuma ba mu raina wannan makaranta ba. Wanda ya iya yin ribas da tirela cike da shanu a cunkoson kara, ba a ce masa bai iya mota ba.

Abin da ke damunmu shi ne takarda. Da yawa daga cikin yaran nan ba su da lasisi, wasu kuma suna da wanda aka kawo musu har gida. Sun ba wani hoto da kuɗi, bayan kwana kaɗan ya dawo da kati mai sheƙi.

Mu mutanen kasuwa ne, mun saba da dillali. A cinikin sa yana da amfani, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya karɓi la'adarsa halak malak. To amma lasisi ba ya karɓar dillanci, domin dole mai shi ya je da ƙafarsa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa a na'ura. Duk katin da ya zo hannunka alhali ba ka taɓa zama gaban na'urar nan ba, ka yi zargin jabu ne. Ranar da jami'i ya duba lambar a kwamfuta a hanyar Legas ko Fatakwal, wanda ya karɓi kuɗinka yana Potiskum yana shan shayi.

Hanyar gaskiya a fili take. Sai mutum ya cika shekara 18, yana da lambar NIN. Zai shiga makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta amince da ita, jami'an VIO su gwada shi, ya biya kuɗi ta hannun hukumar tara haraji ta jiha, sannan a ɗauki hoto da yatsu. Za a ba shi na wucin gadi na kwana 60 kafin katin ya fito. Tun watan Yunin 2025 kuɗin lasisin mota naira 15,000 ne na shekara uku, 21,000 na shekara biyar, ban da na makaranta. A kula kuma, lasisi aji-aji ne. Aji B na ƙaramar mota ne, ba ya rufe tirela. Nata shi ne aji G.

Mun san ƙorafin da ake yi: katin yakan yi jinkiri, kuma yaron da ya kai shanu Kudu sau ba adadi yana jin kunyar zama ajin 'yan koyo. Na farkon gaskiya ne, ya kamata hukuma ta gyara. Na biyun kuwa ba hujja ba ne. Akwai alamomin hanya da dokokin wuce mota da ba kowane maigida ne ya koya wa yaronsa ba, don shi ma ba a koya masa ba.

Ku iyayen gida masu motoci, da ku muke magana. Kuɗin nan gaba ɗaya bai kai na tayar tirela guda ba. Idan aka tsare mota a shinge saboda takardar direba, shanun mutane ne ke tsaye cikin rana ba ruwa, suna ramewa, wani ya faɗi a yanka shi a sayar da asara. In kuma tsautsayi ya afka, Allah ya kiyaye, kamfanin inshora zai fara da tambayar lasisin wanda ke tuƙi, kuma a saman motar nan akwai masu rakiyar shanu, 'ya'yan wasu ne. Shi ma yaron an tauye shi, domin babu babban kamfanin da zai ɗauki direba ba lasisi, komai ƙwarewarsa. Ya yi maka bauta shekara da shekaru, mafi ƙarancin sallama ita ce ka kai shi ya yi na gaskiya da kuɗinka.

Su kuwa ƙananan yaran da ake sakar wa Keke Napep suna jigila a bakin kasuwa, babu ofishin da zai ba su lasisi, iyaye su karɓe makulli kawai.

Muna roƙon shugabannin NURTW da NARTO na Potiskum su tattara sunayen yaran mota da suka kai shekaru, su yi magana da makarantar tuƙi mai rajista a yi musu rukuni-rukuni a ranakun da ba a lodi. A fara da waɗanda tuni ake miƙa wa sitiyari da daddare a hanyar Kudu.