Fankar Lantarki da Makomar Mikiya da Ungulu

Masu iya magana sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Samun wutar lantarki daga iska abin alheri ne, domin ba ya cin mai, ba ya ta da hayaƙi. Amma fa manyan fankokin da ake kafawa saboda wannan aiki sun zama ajalin tsuntsaye masu farauta, watau mikiya da shaho da mujiya, har da ungulu. Tun da an riga an san maganin wannan ɓarna, wajibi ne hukuma ta mai da shi sharaɗi kafin ta yarda a kafa fanka ko ɗaya.

Dalilin haɗarin a fili yake. Kamfani yana neman tudu mai iska don ya kafa injinsa, tsuntsun nan kuwa iskar tudun yake hawa ya yi shawagi. Idan yana jewa, idonsa yana ƙasa yana neman abinci, ba ya duban gabansa. Daga nesa fankar kamar a hankali take juyawa, alhali kuwa bakin fiffikenta yakan wuce kilomita 200 a sa'a guda.

A mashigin Altamont da ke jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara ganin munin abin. Tun farkon shekarun 1980 aka jera dubban ƙananan fankoki a kan tuddan da mikiyoyi ke farauta. Wani bincike na 2004 ya ƙiyasta cewa tsuntsaye masu farauta fiye da 1,000 ke mutuwa a wurin kowace shekara.

Akwai masu cewa kyanwoyi da gilasan benaye sun fi fanka kashe tsuntsaye nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, sai dai akasarin waɗancan ƙananan tsuntsaye ne masu saurin hayayyafa. Mikiya kan yi shekara huɗu ko biyar kafin ta soma ƙwai, babbar ungulu kuwa ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Saboda haka mutuwar uwa ɗaya giɓi ne mai wuyar cikewa.

Magani kuma ba mai tsada ba ne. A lardin Kadis na ƙasar Sifen, kusa da mashigin Jibraltar inda tsuntsaye ke ƙetarowa Afirka, an sa masu tsaro tun 2008 su riƙa tsai da fanka da zarar sun hango ungulu ta doso ta. Cikin shekara biyu mutuwar ungulaye ta ragu da rabi, wutar da aka yi hasara kuwa ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 ba. A tsibirin Simola na ƙasar Norwe an shafa wa fiffike ɗaya baƙin fenti a fankoki huɗu a 2013, don tsuntsu ya riƙa ganin juyawarsu. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna mutuwa ta ragu da fiye da kashi 70 cikin 100 a waɗannan fankoki. Hukunci ma yana da nasa amfani: a 2022 kotu a Amurka ta sa kamfanin ESI Energy biyan fiye da dala miliyan 8, bayan ya amsa cewa mikiyoyi aƙalla 150 sun mutu a tashoshinsa.

Duk da haka, rigakafi ya fi magani. Fankar da aka kafa a hanyar tsuntsaye za ta yi shekara 20 ko fiye tana kisa. Ƙasar Hausa tana da damar guje wa wannan kuskure, gama yanzu aka ɗauko hanya. A Lambar Rimi ta jihar Katsina an kafa fankoki 37 masu ƙarfin megawat 10, kuma lalle wasu za su biyo baya. Ungulun da ta saba cika mahauta ta yi ƙaranci, har tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Ita ce kuwa mai kwashe mushe kafin ya zama cuta.

Nijeriya tana da dokar 1992 wadda ta tilasta a auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Ya kamata a yi aiki da ita sosai a nan: a ƙirga tsuntsayen wuri rani da damina, a nisanci sheƙarsu da hanyar ƙaurarsu, a kuma hana zubar da mushe kusa da fanka. Bayan an kafa, a riƙa ƙidaya gawarwaki ana bayyana adadinsu ga jama'a. Kamfanin da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa bai cancanci lasisi ba.