A Koyar Da Abin Da Ke Cikin Wuyan Riga

A ƙauyuka da yawa akwai ajin ɗinki na mata, akwai kuma samari masu zaman koyo a shagon tela. Ana koya musu awo da yanka da taka keke. Amma akwai abu guda da a ke bari a baya, watau ƙyallen nan da a kan sa a cikin wuyan riga da bakin hannu da wurin maɓalli domin su tsaya. Mai mannewa da guga shi teloli ke kira gam. A ganinmu ya kamata a koyar da shi tun a watannin farko, kada a jira sai ɗalibi ya ɓata shaddar mutane tukuna.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. Masu ɗinka babbar riga sun daɗe su na sa mata shafi, masu lifidin doki kuma su na cusa audugar rimi tsakanin ƙyalle biyu su bi da ɗinki. Na masana'anta ne ya zo daga baya. A shekarar 1948 kamfanin Freudenberg na Jamus ya fara yin wani mai suna Vlieseline, wanda ba saƙa shi a ke yi ba, manne zaruruwan a ke yi kamar takarda.

To, ba duka iri ɗaya ba ne. Akwai mai kama da takarda, akwai saƙaƙƙe wanda dole a yanka shi bisa tafiyar zaren yadin, akwai kuma mai miƙewa domin yadi mai miƙewa. Kada ya fi yadin nauyi. Wanda ya sa mai kauri a yadi marar nauyi, wuyan zai tsaya kamar kwali, rigar kuwa ta yi ta ja.

Wajen guga ne a ka fi yin ɓarna. Gefen da ke da kaushi shi ke da gam, shi za a kifa a bayan yadin. A ɗora tsumma mai danshi a kai, a danna dutsen guga kamar daƙiƙa 10 zuwa 15, a ɗaga, a matsa gaba. Ba a jan dutsen yadda a ke gugar riga. Sa'an nan a bar shi ya huce kafin a taɓa. Mai dutsen gawayi ya lura, gama zafinsa ya na hawa ya na sauka. Zafi kaɗan ba ya narkar da gam, wanki ɗaya sai ka ga wuyan ya yi ƙuraje. Haka kuma yadin auduga ya kan tsuke in an wanke, saboda haka a jiƙa shi ya bushe tukuna. Mun sani mai shadda ba zai yarda a jiƙa masa ba, don kada sheƙin ya tafi. Nan sai a gwada a ƙyalle, in bai kama ba a sa shafi a ɗinke.

Waɗansu za su ce aiki ya na yawa gab da Salla ko Kirsimeti, gam kuwa ya na rage wahala. Gaskiya ne. Amma ba mu yarda a manne kalmasa da siririn gam nan mai kama ta gefe biyu a bar ta haka ba. Kayan ƙauye su na shan bugu a bakin rafi, su na shan rana. A manne domin ta zauna, sa'an nan a bi da keke.

Masu surfani da keke su ma su na bukatar abin sawa a ƙarƙashi, in ba haka ba yadi ya tattare. Jarida ta kan bar tawada a farin yadi. Akwai wanda a ke yagewa bayan aiki, da wanda a ke datsewa da almakashi, da mai narkewa a ruwa. Mata masu haɗa ragowar ƙyallaye su yi abin shimfiɗa, su manna marar nauyi a bayan duk ƙyallen da ke miƙewa kafin su haɗa.

Roƙonmu ga malaman ɗinki ba mai tsada ba ne. Kowane ɗalibi ya tara ƙyallen atamfa da na shadda da na akoko, ya manna wa kowanne gam iri biyu, ya wanke su sau 3, ya liƙa a littafi ya rubuta abin da ya gani.