Imel ɗin shagonka, a hannun wa yake?



Yawancin 'yan kasuwarmu, tun daga nan Bilbis zuwa Tsafe har cikin Gusau da Bungudu, in ka tambaye su imel ɗin da ke kan wayarsu amsar ɗaya ce: "Yaro ne ya buɗe min." Wani yaron shago ne, wani mai cajin waya, wani kuma wanda ya cike masa rajistar CAC lokacin da aka matsa wa masu POS a 2024. Fasawod na wurin yaron, layin da aka ɗaura ma nasa ne. Alhali a cikin imel ɗin nan lambobin kwastomominka suke, da ajiyar hirar WhatsApp, da hotunan rasit, har da lissafin masu bashi.

Ni dai a ganina, duk mai sana'a ya buɗe imel na kasuwanci daban, da sunan shagonsa da layinsa na kansa, ya kwashe kayansa tun tsohon yana buɗuwa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Wani zai ce, "Ai na yarda da yarona." To ai ko mai amana yana tafiya ci-rani, ana ƙwace masa waya a hanya. Mun ga yadda aka toshe layuka a 2024 saboda NIN, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya sayar wa wani. Ku tuna watan Satumba na 2021 da aka ɗauke sabis a faɗin Zamfara. Wanda ke jiran lambar tabbatarwa ta saƙon tes, ta ina za ta shigo? Sannan tun Disamba 2023 Google na iya goge akawun ɗin da ya shekara 2 ba a shiga ba.

Mu masu gyara muna canza gilashi, muna canza wurin caji. Amma in aka yi wa waya filashin ta ce sai tsohon Gmail, kai kuma ba ka san shi ba, wallahi ko wayar ta buɗe ba mu da yadda za mu dawo maka da lambobin.

Ga yadda za ka yi ƙaurar:

1. Buɗe sabon Gmail da kanka, da layin da ke kan NIN ɗinka. Rubuta fasawod a littafi ka ajiye a gida. Kunna 2-Step Verification, ka kwafe lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa, don suna aiki ko saƙon tes bai shigo ba.

2. Shiga Contacts ka nemi Export. Zai ba ka fayil mai .vcf a ƙarshe, sai ka yi Import ɗinsa cikin sabon akawun. Kar ka manta da lambobin da ke kan SIM da cikin wayar kanta. Duba yawansu a tsohon da sabon, ka ga sun yi daidai.

3. A WhatsApp, je Settings, Chats, Chat backup, ka zaɓi sabon imel, ka danna Back up. In layi za ka canza, yi amfani da Change number. Kar ka goge manhajar ka sake ɗorawa.

4. Tsofaffin wasiƙu da hotuna, Google Takeout zai tattara maka su ka sauke. Ka lura, 15GB kawai ake bayarwa kyauta, kuma ajiyar WhatsApp na ci daga ciki.

5. Canza imel a duk inda ka ba da shi: banki, OPay ko Moniepoint, CAC, da shafin Facebook na shago.

Sai dai fa kar ka yi saurin watsar da tsohon. Saka masa Forwarding, wasiƙu su riƙa wucewa sabon, ka bar shi kamar wata 3. Dilan da ka saba da shi a Dawanau ko Kantin Kwari ba lallai ya san ka canza ba. Bayan nan sai ka goge lambobin da ajiyar daga tsohon, ka cire shi daga wayarka.

Wannan gogewar ta ƙarshe ita mutane suka fi rainawa. Lambar kwastoma, musamman matan aure da ke saye daga gida, amana ce. Ga halin da yankinmu ke ciki, bai dace sunan mutum da lambarsa da adadin kuɗin da yake turawa su zauna a wayar da ba ka san hannun da za ta faɗa ba. Ko a doka, tun 2023 Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a.

Aikin nan bai wuce yammaci ɗaya da ɗan data ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka kai wa mai gyara ya taimaka, zauna kusa da shi, fasawod kuwa kai za ka danna da hannunka.

Wanda ya maƙale a wani mataki ya tambaya a ƙasa, amma don Allah kar kowa ya rubuta fasawod ɗinsa a nan. Allah Ya sa wa kasuwa albarka, Ya ba mu zaman lafiya.