Likitanci ko zaman gida? Iyaye, mu duba fom ɗin JAMB

Da zarar an buɗe rajistar JAMB, sai uba ya ƙirga kuɗin fom ya miƙa wa yaro, ya ce, "Ka rubuta likitanci," ya koma harkarsa. Yaro ya je cibiyar rajista, layi ya kai bakin titi, mai danna kwamfuta yana sauri. A sa likitanci a ABU Zariya ko BUK a zaɓi na farko, sauran guraben kuwa a cike su da duk makarantar da ta fara fitowa a allo, har da wadda yaron bai san a wace jiha take ba. Bayan watanni a ji uban yana cewa an hana ɗansa gurbi saboda ba shi da kowa a sama.

Wani lokacin gaskiya ne. Sau da yawa kuwa tun ranar cike fom aka yi asarar shekarar.

Makin jarrabawar 400 ne. A 2025 kusan ɗalibai miliyan biyu suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Mafi ƙarancin makin da aka tsayar wa jami'o'i a shekarar 150 ne, amma wannan izinin shiga layi ne kawai. Likitanci na da ƙayyadadden adadin ɗaliban da majalisar likitoci ta ƙasa ke yarje wa kowace jami'a, don haka mai 230 yana iya kwana a waje. Jami'o'in tarayya kuma suna raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko. Uban da ya san wannan zai fara tambayar ko jiharsa na cikin yankin jami'ar kafin ya yi maganar sunanta. Kuma manyan jami'o'in nan ba kasafai suke waiwayar wanda bai sa su zaɓin farko ba.

Ban ce a kashe wa yaro buri ba. Idan sakamakonsa na Kimiyya da Lissafi ya nuna zai iya, a bar shi ya gwada. Amma a ɗauko takardun jarrabawarsa na aji biyar da aji shida a duba tare, a tambayi malaminsa ba tare da neman a faranta mana rai ba. Sannan a kalli jami'o'in Dutse, Dutsin-Ma, Kashere, Gusau, Birnin Kebbi, da jami'ar jiharmu. Kwalejin fasaha irin ta Kaduna ma ba abin kunya ba ce. Mai difloma ko NCE yana iya shiga jami'a kai tsaye aji biyu. Ga 'ya mace akwai batun masauki da nisan hanya, wanda mu iyaye muka saba tunawa sai bayan an ba ta gurbi, sai mu ce ba za ta je ba.

Ko bayan fitowar sakamako, JAMB na ba da damar sauya kwas ko makaranta. Idan maki ya gaza buri, Alhaji, Hajiya, ku zauna da yaron da wuri ku sauya, kuma ku tabbatar yana leƙa shafinsa na CAPS, inda JAMB ke nuna gurbin da aka ba shi, domin gurbin da ba a amsa ba yana iya kuɓucewa.