Kyautar Da Ta Fi Saye Tsada

Ɗan Kasuwar Kwastam a Maiduguri yana aika wa ɗan'uwansa na Agege hoton kaya da farashi ta WhatsApp, yana murna wai kyauta ne. Ina kyauta! Lambarsa da irin wayarsa duk kamfanin Meta yana tarawa, kuma bayanan jama'a su ne jarin cinikinsa na talla. A 2021 aka ce masa ko dai ya yarda a raba bayanansa da Facebook, ko ya san inda dare ya yi masa, sharaɗin da ba a ɗora wa mutanen Turai ba. A Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220. To, amma fa tara ta gwamnati ce. Shi mai bayanan, wanda ambaliyar Alau ta lashe wa kaya a Satumban shekarar, ko sisin kwabo bai gani ba.