Kafin ka sa wa akori-kurarka "daibata bawul", tsaya ka karanta wannan

1/ Masu akori-kura, musamman 'yan uwana na Gwiwa, Roni, Kazaure da Babura. Akwai wani sabon yayi da ya shigo mana ta TikTok: sauya "daibata bawul" wai don mota ta ƙara ƙarfi. Ni dai a ganina, ga mafi yawanmu asarar kuɗi ce kawai. Ku biyo ni. 🧵

2/ Abin da ya tayar da maganar, ƙanina ne. Yana da Hilux mai shan gas, da ita yake ɗauko gero da riɗi daga wajen su Korayel da Buntusu zuwa Kazaure. Da kakar nan motar ta fara kasala. In ta ɗau kaya ba ta ja, sai baƙin hayaƙi kamar ana gasa bulo.

3/ Wani mai sayar da kayan mota, ba zan kama suna ba, ya nuna masa wani ƙarfe mai ƙyalli a kwali, ya ce ai wannan ne maganin, Turawa ma shi suke sawa. Yaro ya zare kuɗin da ya tara na taya ya biya. Aka ɗaura. Wallahi motar ko gezau, yadda take haka take.

4/ To bari mu fara daga tushe. Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta farko, ta biyun kuma ta dinga cusa iska cikin injin da ƙarfi. Gudunta kan wuce juyi 100,000 a minti ɗaya. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru.

5/ A injin fetur akwai wani murfi a hanyar iska da ke buɗewa in ka taka totur. Kana ɗaga ƙafa, sai ya rufe bam. Ita kuwa turbo tana kan gudu, iskar da ta tara ba ta da mafita, sai ta dawo ta bugi fankar. Shi ne ƙarar nan "tututu" da wasu ke jin daɗinta.

6/ Nan ne aikin daibata bawul. Da ka ɗaga ƙafa sai ya buɗe, ya karkatar da iskar ta koma bakin turbo ta sake zagayowa. Shi kenan aikinsa. Mai gadin turbo ne. Ba ya ƙara mai, ba ya ƙara iska, ba ya ƙara wa mota ko doki ɗaya.

7/ Ga inda gizo ke saƙar: injin gas ba da wancan murfin ake sarrafa ƙarfinsa ba, da yawan man da nozul ke fesawa ne. Ka ɗaga ƙafa, mai ne ke raguwa, iska na ci gaba da wucewa. Shi ya sa kamfani bai sa masa wannan bawul ba tun daga masana'anta.

8/ Ka duba motocin da ke yawo a yankinmu. Hilux mai fetur, injin 2TR mai lita 2.7, ba ta da turbo kwata-kwata. Masu turbo ɗin su ne na gas: 2KD mai lita 2.5, 1KD mai lita 3.0, sai 2GD da 1GD da suka fito a 2015. Duk cikinsu ba wanda ke neman daibata bawul.

9/ To su wa kake gani a bidiyo? Yawanci 'yan Amurka ne masu Ford F-150 EcoBoost, wadda ta fara fita a 2011, ko Ranger mai lita 2.3, ko Tundra ta 2022 zuwa sama. Waɗannan fetur suke sha kuma suna da turbo. Motarsu daban, taka daban. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

10/ Kar a ce na yi son kai. Akwai inda sauyawar ke da amfani. Tsofaffin injinan Volkswagen da Audi na 2.0 TFSI sun yi suna wajen yagewar robar cikin bawul ɗin, har kamfanin ya fito da wani mai fistin a madadinsa. In ya yage iska na zurarewa, mota ta yi sanyi.

11/ A irin wannan hali, in ka sa sabo za ka ji mota ta farfaɗo. Amma ka lura, ƙarfinta na asali ne ya dawo, ba a ƙaro maka komai ba. Haka wanda ya sa aka taɓa kwamfutar motarsa aka ƙara matsin iska, shi ma yana da hujjar neman bawul mai juriya.

12/ Sai kuma wanda ke fesar da iskar waje, mai yin "fsshh" ɗin nan da samari ke so. A motar da ke auna iska kafin ta shiga turbo, kwamfuta ta riga ta ƙirga iskar ta ba da mai daidai da ita. Ka zubar da iskar, man ya yi yawa. Wata har mutuwa take a mahaɗa.

13/ Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, kowa ya san yadda lita ta koma. Gas kuwa dama ya daɗe ba tallafi. A wannan marra ka sayi abin da amfaninsa ƙara ce kawai? Haba malam.

14/ Mu koma kan ƙanina. Da muka kai motar wajen wani tsohon bakanike, bai ma kunce komai ba. Ya sa aka taka totur, ya kasa kunne, ya bi tiyon da ya fito daga intakula da hannu. Sai ga tsaga ta ƙasa, baƙin mai ya jiƙe wurin. Ta nan iskar ke guduwa.

15/ Ya buɗe iyakilina, ƙura ta toshe ta kamar an zuba ƙasa da gangan. Aka sa sabon tiyo da sabuwar filta, aka cire ƙarfen nan mai ƙyalli. Kuɗin bai kai rabin na bawul ɗin ba. Washegari motar ta ɗau kaya cike ta tafi lafiya lau.

16/ Maƙiyin turbo a ƙasarmu ƙura ce, musamman da hunturu a hanyoyin burji. In filta ta huje ko bakinta bai zauna daidai ba, yashi ya dinga cin fukafukan fanka. In ta toshe, inji ya shaƙe. Kuma a rage hure ta da iska mai ƙarfi, takardar na yagewa ba ka sani ba.

17/ Na biyu baƙin mai. Sandar turbo a kan mai take shawagi. Jabun mai, ko wanda ya wuce lokacin juye, shi ke kashe ta. In ka sha doguwar tafiya da kaya, kar ka kashe mota nan take, ba ta minti ɗaya ko biyu tana silo ta huce.

18/ In motarka ta rage ja, bi wannan tsari: filtar iska, filtar mai, tiyo da kilif-kilif ɗinsu, intakula, sannan a jona kwamfuta. Lambar P0299 na nufin matsin iska ya gaza, amma ba ta ce ga abin da ya lalace ba. Bincike ne zai nuna.

19/ In za ka shiga Ƙofar Ruwa sayen kaya, tafi da tsohon da aka cire da lambar injinka. Ka tambayi mai shago: wannan na fetur ne ko na gas? Wace matsala zai gyara min? In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.

20/ A Gwiwa akori-kura ba ta ado ba ce. Ita ke kai amfanin gona kasuwa, ita ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibitin Kazaure da tsakar dare. Kuɗin da ƙanina ya kashe na taya ne, har yau da sudaddun tayoyi yake yawo, abin da ke hana ni barci kenan.

21/ Bakanikai da direbobi, in akwai wanda ya sa wannan bawul a Hilux mai gas ya ga canji na gaske, ba ƙara ba, ya faɗa mana a ƙasa, ina saurare. A tura wa duk wanda ke shirin saye. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema.